Ranar da Taubashina Ya Danna Kore

Sunana ne a takardar gasa, amma shi ne yake hawan babur ɗin. Haka muka yi shekara uku muna shiga tseren hamada, kuma duk wanda ya ce dabarar banza ce ba zan yi masa musu ba, don ni na kawo ta.

Taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata. A Makka aka haife mu duka, wata huɗu ne tsakaninmu, an ce ma ungozoma ɗaya ce ta yanke mana cibi. Katin zama ɗan ƙasa ne kawai ya raba mu. Kakana na wajen uba ya zo da ƙafa tun zamanin da ake ratsa Sudan, ya zauna har ya zama ɗan ƙasa, ni kuma na gaji wannan ba don wata bajinta tawa ba. Shi kuwa mahaifinsa Umra ya zo daga Katsina da matarsa, suka ƙi komawa, aka haife shi a wani ɗaki a unguwar Mansur ba takardar haihuwa, ba iƙama, wato takardar izinin zama. Kawun nawa ya rasu taubashina yana ɗan shekara tara. Aka bar shi da mahaifiyarsa, wadda dukanmu muke kira Inna, tana suyar waina a bakin layi.

Da yake ni ɗan mace ne shi ɗan namiji, bawansa nake a wasan taubasai, kuma bai taɓa yi mini rangwame ba. In na je shagon da yake gyaran babura sai ya ce, "Bawana, miƙo sifana. Ko katin naka ne zai ɗaure notin?" Ni kuma in ce masa wane irin ubangida ne wannan da ko Jidda ba ya iya zuwa sai ya bi ta bayan dutse. Sai mu yi dariya, duk da mun san ba ƙarya na yi ba.

Wannan bin bayan dutsen shi ya mayar da shi abin da ya zama. Duk babban titin da ya fita daga Makka akwai shingen bincike, saboda haka tun yana saurayi ya san kowane kwari da kowace hanyar awaki da ke kewaye da garin. Lokacin Hajji kuma yana ɗaukar alhazai a babur daga Mina zuwa Harami, yana ratsa cunkoson da ko mai ƙafa ba ya samun wurin taka ƙasa. Abin da wasu suke zuwa makaranta su koya, shi tsoro ya koya masa.

Ni ne na fara sayen babur ɗin hamada, don ina aikin karɓar baƙi a wani otal a unguwar Jarwal kuma na ga abokan aikina suna yayin abin. Na shiga gasa sau ɗaya. Tudun yashi na farko ya watsar da ni, na yi mako biyu ina tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya. Ranar da na warke muka fita bayan gari, ya karɓi babur ɗin wai zai gwada birki. Na tsaya ina kallonsa yana haye tudun da ni ko da ƙafa ba zan so hawa ba, ya dawo yana dariya cikin hular kwano. A nan na ji wani baƙin ciki ya tokare ni, ganin mai irin wannan hannu ba shi da ikon rubuta sunansa a takardar gasa. Kafin mu koma gida na gaya masa abin da na ƙulla, bai ko bari na kai aya ba ya yarda.

Gasar ba irin babbar nan ba ce da ake nunawa a talabijin. Ƙarama ce, wata ƙungiyar masu sha'awa ke shirya ta lokacin sanyi, a hamadar da ke tafiyar wasu sa'o'i daga Makka. Ana sakin babura ɗaya bayan ɗaya bayan sallar asuba, sannan motoci su biyo, ba a dawowa sai wajen la'asar. Babu titi, babu alama. Doguwar takarda ce a naɗe a gaban mahayi tana gaya masa inda zai karkata. Kowa kuma ana ɗaura masa wata na'ura wadda ke nuna shi a matsayin ɗigo a kan taswira, alƙalan gasa suna gani a allonsu, mu ma muna gani a waya. Maɓalli biyu ne a jikinta. In ɗigonka ya daɗe a tsaye na'urar za ta yi ƙara, sai ka amsa. In ka danna ja, ka ji ciwo ne, a turo likita. In ka danna kore, lafiyarka ƙalau, abin hawanka ne ya lalace, za ka jira motar kwasa wadda ke bin bayan kowa tana tattara waɗanda suka maƙale.

Ni nake zuwa rajista da katina ana gobe gasa, in sa hannu, a ɗaura mini zare a wuyan hannu, in roƙi a bar shi sako-sako don in iya zare shi in sa wa taubashina. Shi kuma ya biyo hanyoyinsa ya same ni a tantinmu, wanda kullum muke kafawa can gefe a bayan a-kori-kurata. Da safe ya shiga kayana, ya sa hular kwano da tabarau, ya naɗe bakinsa da ƙyalle. Ni in sa rigar makanikai da takunkumi. In ya dawo sai ya zarce bayan mota, ni kuma in fito da hular a hannu, na shafa ƙura a fuska, ana yi mini sannu da ƙoƙari. Ba wanda ya taɓa lura. Har yau ban sani ba ko kamar ce ta yi yawa, ko kuwa ba a cika kallon fuskar irinmu da kyau ba.

Bai taɓa zuwa na ɗaya ba, kuma da gangan ne. In ya ga ya kusa ƙarshe yana gaba sai ya sassauta totur ya bari a wuce shi, ya shigo na biyar ko na shida, don na ɗaya zuwa na uku ana tare su a bakin layi a cire musu hula a ɗauki hoto. Na taɓa tambayarsa ko hakan ba ya ci masa rai. Ya ce shi ya san wa ya ci, kuma yashin ma ya sani.

Akwai abin da ya kamata in yi tunani a kansa tun farko, ban yi ba, don ni a gidan masu kati na tashi. A gidan da babu iƙama ba a kiran hukuma, ko wace iri ce. Ba a kiran 'yan sanda in an yi sata, ba a kiran motar asibiti in ciwo ya tashi. Lokacin da wuta ta kama kicin ɗin Inna, da bokiti maƙwabta suka kashe ta, kuma kowa yana yi yana cewa a rage hayaniya. Da wannan aka yaye shi. Inna takan ce masa in ya ga kaki ya zama bango.

Ranar da abin ya faru, a shekara ta uku, mun yi asuba tare a bayan mota, ya ci burodi da wake, ya sha shayi kofi biyu. Ina ɗaure masa takalmi na ce, "Ka ji, in wani abu ya faru, ja za ka danna."

"Tun yaushe bawa ya fara koya wa ubangida hawan doki?" in ji shi. "Yalla, ja mini zip ɗin nan."

Na zauna a inuwar mota da waya a hannu ina bin ɗigonsa. Da hantsi ya wuce wurin shan mai, yana cikin na gaba-gaba. Ana saura kamar sa'a ɗaya azahar sai ɗigon ya tsaya. Ba a jima ba ya koma kore, na sauke ajiyar zuciya na ce taya ce ko sarƙa. Har na fara shirya tsiyar da zan yi masa in ya dawo.

Rabin sa'a ta wuce, ɗigon bai motsa ba. Mutumin nan kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama canza taya, kuma babu abin da zai lalace a babur ɗin da bai taɓa kwancewa ya mayar ba. Na kira wayarsa duk da na san babu sabis a can. Na kashe tawa na kunna ko taswirar ce ta maƙale, amma sauran ɗigogin suna ta tafiya, suna zuwa kusa da nasa suna wucewa. Aka kira azahar na bi jam'i, ban san raka'a nawa aka yi ba.

Bayan sallah wata mota ta shigo sansani, wadda ta janye daga gasar saboda giyarta ta samu matsala. Na je wajen direban, wani dattijo mai furfura a gemu, na gaya masa lambarmu na tambaye shi ko ya ga mahayinmu.

"Na gan shi," ya ce. "A ƙasan wani tudu yake zaune, ya miƙe ƙafa. Na rage gudu, ya ɗaga mini babban yatsa, na wuce. Mafi mushkila, ba wata matsala."

"Babur ɗin fa? Yana gyara shi?"

Ya ɗan yi tunani. "A kwance yake. Da shi ma ya jingina."

Taubashina ba ya barin babur a kwance ko na minti ɗaya. Mai yana tsiyaya, yashi yana shiga inda bai kamata ba, kuma ya sha zagina a kan haka. In babur yana kwance shi yana zaune, to ya kasa tashi ne.

Na roƙi dattijon ya kai ni, ya ce motarsa ba za ta kai ko'ina ba, kuma hanyar a rufe take ga kowa sai motocin gasa, in je in gaya wa alƙalai. A-kori-kurata kuwa ko tudun farko ba za ta haye ba. Na tsaya a tsakiyar sansanin ina juye-juye, ga motoci masu ƙarfi ko'ina, ga mutane suna cin shinkafa a inuwa suna hira, ni kuma babu wanda zan iya gaya wa abin da na sani. In na yi shiru yana can cikin rana da ciwon da ban san girmansa ba. In na yi magana likita zai cire masa hula, a asibiti a ɗauki zanen yatsunsa, daga nan sai tarhil, wato a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba, a bar Inna ita kaɗai. Gaba kura, baya siyaki.

Sau biyu ina zuwa bakin tantin alƙalai ina juyawa. A na uku na shiga da takunkumina, a matsayin makaniki. Wani mai tabarau ne zaune gaban allo, na ce masa lambarmu ta daɗe a tsaye.

"Kore ya danna," ya ce, bai ko ɗago ba. "Mun sake tambayarsa, ya sake danna kore. Motar kwasa za ta kai wurinsa wajen magariba."

"Babur ɗin a kwance yake. Wani direba ya gani."

"Ya akhi, wanda ya gaji yana barin babur a kwance. Motar likita biyu gare mu, ɗaya ta fita. Ba zan tura ta biyun wurin mutumin da ya ce mini sau biyu lafiyarsa ƙalau ba. Shi ya san jikinsa."

Gaskiyarsa ce, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Na fito na zagaya bayan tantin. Haushinsa nake ji, haushin taurin kansa da ɗan yatsan da yake ɗaga wa mutane, har na zage shi a fili ni kaɗai. Sannan haushin ya dawo kaina, don ni na sa masa kayan, ni na ɗaure masa takalmi. Na duba waya. Sa'a uku ke nan, ɗigon yana nan kore.

Na koma ciki, na cire takunkumi, na ajiye katina a kan teburin. Mutumin ya dubi katin, ya dubi jerin sunayen da ke gabansa, ya dubi allo, sannan a karon farko ya dube ni da kyau.

"To wane ne a can?"

"Ɗan'uwana ne. Ba shi da iƙama. Ko mutuwa yake yi kore zai danna."

Ya ɗauki rediyo ya tura motar likita, sannan ya nuna mini kujera ya ce kar in motsa daga nan. Na roƙi a tafi da ni aka hana. Na zauna ina kallon sabon ɗigo yana rarrafe a kan taswira zuwa wurin nasa, kuma ban taɓa ganin abin da ya kai shi nawa ba. Wani ya miƙo mini ruwa, na riƙe gorar har ta yi ɗumi ban sha ba.

Bayan la'asar suka shigo da shi. Ƙashin cinyarsa ne ya karye, cinyar ta kumbura har sai da suka yanke wandon, jini yana ta zuba ta ciki. Likitan ya ce da suka isa ya riƙe igiyar hularsa da hannu biyu ya hana a cire, yana ta cewa shi lafiyarsa ƙalau, sai da ya suma sannan suka samu kanta. Da ake mayar da shi motar asibiti ya buɗe ido ya gan ni tsaye ba takunkumi, da ɗan sanda a gefena. Ya daɗe yana kallona, sannan ya rufe idon.

An tsare ni kwanaki, an yi mini hukuncin da doka ta ce, an haramta mini gasa har abada, kuma ba ni da bakin magana a kan ko ɗaya. Da na fito na same shi a asibiti an sa masa ƙarfe a cinya, da mai gadi a bakin ƙofa. Na gaishe shi ya amsa kamar baƙo. Na zauna a gefen gadonsa.

"Wa ya aike ka?" ya ce daga baya.

"Ba kowa."

"Na riga na lissafa komai. Da magariba motar kwasa za ta ɗauko ni da hulata a kai. Ka sa ni a bayan mota, ka kai ni wurin mai ɗorin nan na unguwar Utaibiyya. Halas, shi ke nan, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

"Gawarka za ta ɗauko."

"Likita ne ya ce haka?"

Na so in yi masa ƙarya, na kasa. "Ya ce wataƙila."

"Wataƙila," ya maimaita. Ya juya fuskarsa bango. "Ko da gawar ce, ai a nan za a binne ta."

Har yau ina juya maganar nan a raina. Wani lokaci ina ganin na ceci ransa, wani lokaci ina ganin da na yi haƙurin sa'a uku da yanzu yana shagonsa yana ɗingishi yana zagina. Na yi yawon ofisoshi, na nemi duk wanda aka ce yana da hanya, na kai takardar roƙo da sa hannun dattawan unguwa. Kowa ya karɓe ni da mutunci ya ce babu abin da zai iya. Da ya fara taka ƙafar da sanda aka wuce da shi gidan tarhil, bayan wasu makonni aka sa shi a jirgi. Yanzu yana Katsina wurin dangin da sunayensu kawai ya sani, ana yi wa Hausarsa dariya saboda Larabcin da ke cikinta. In na kira, wani lokaci yana ɗauka.

Inna ba ta taɓa ce mini don me ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Kullum na biya ta layinsu sai ta zuba mini waina ta tambayi mahaifiyata, ni kuma in ci ba don tana wucewa ba. Wata biyu aka yi a haka. Rannan ta aiko in zo da mota da safe.

Na same ta ta yi wanka ta sa farin mayafi, da jaka ɗaya a gabanta. Kaskon waina da tukwane ta riga ta rabar wa maƙwabta. Ta ce in fara kai ta Harami. Muka yi ɗawafi tare, tana riƙe da gefen rigata saboda cunkoso, da muka gama ta daɗe a tsaye tana kallon Ɗakin Allah. Sai da muka koma mota ta gaya mini inda za mu: gidan tarhil, za ta miƙa kanta.

"Inna, shekara talatin da wani abu kina ɓuya, yau kuma ki kai kanki da ƙafarki? Ki zo gidanmu ki zauna, ni zan riƙe ki."

"Na sani, ɗan nan," ta ce. "Kawunka yana kwance a garin nan, kuma na so a ce kusa da shi aka sa ni. Amma shi ba ya buƙatar a dafa masa. Wancan kuwa da sanda yake tafiya, ko hanyar kasuwa bai sani ba. Ja mota."

Na ja. Ban taɓa tuƙi a hankali kamar na ranar ba, motoci suna ta yi mini ham suna wucewa, ita kuma tana jan carbi tana kallon duwatsu ta taga. Da muka hango ginin ta ce in tsaya daga nesa. Na kama ƙofa zan fito in ɗaukar mata jaka, ta dafa hannuna.

"Kar ka fito. Kai mai kati ne, kada su ce kai ka ɓoye ni."

Ta sauka ta ɗora jakar a ka, ta bi gefen titi a hankali har bakin ƙofar. Na ga ta tsaya gaban mai kaki tana yi masa bayani, ya nuna mata ciki, ta shiga ba ta waiwayo ba. Ina nan zaune da hannuna a kan sitiyari har wani ɗan sanda ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce ba a tsayawa a nan.